Yadda Za Ka Zaɓi Kayan Atisayen Golf a Saudiyya Ba Tare da Ɓarnar Kuɗi Ba

Tun lokacin da 'yan'uwanmu mazauna Riyad da Jidda da Dammam suka fara shiga wasan golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, tambaya guda ce ke ta dawowa gare ni: wane kayan atisaye zan saya don wasana ya gyaru? Wani ya turo mini hoton sanda mai lanƙwasa, wani na'urar da ake ɗaurawa a wuyan hannu, wani kuma har ya sa ran sayen na'urar auna bugu ta dubban riyal alhali bai cika wata uku da fara wasa ba. Amsata a kullum ita ce kayan ba su da laifi, tsarin sayen ne ake juyawa. Ga yadda nake ganin ya kamata a bi. Bayanin duka na mai bugu da dama ne, bahago sai ya juya shi.

Mataki na 1: Gano inda bugunka ke zubewa

Kada ka sayi komai tukuna. Ka yi zagaye uku (kowane zagaye ramuka 18 ne), a Riyadh Golf Club ne, ko Dirab, ko Royal Greens da ke arewa da Jidda, ko duk inda ka saba. A bayan katin maki, kowane rami ka rubuta abu huɗu: ina bugun farko ya nufa (dama, hagu ko tsakiya), ko ƙwallo ta ɓata ko ta faɗa ruwa, bugu nawa ka yi daga yadi 50 kafin ka hau girin (wato shimfiɗaɗɗiyar ciyawa mai santsi da ke kewaye da rami), da kuma sau nawa ka gangara ƙwallo a kan girin kafin ta faɗa rami. Shi ke nan. Fensir da kati, ba ko halala ɗaya.

Bayan zagaye ukun ka zauna ka ƙirga. Yawancin mutane suna mamakin abin da suke gani. Akwai wani dattijo likita da muke wasa tare, ya daɗe yana kukan direbarsa, wato doguwar sandar bugun farko, ba ta nisa. Da muka duba katunansa, ramuka bakwai a cikin 18 sai da ya gangara sau uku-uku a kan girin. Na ce masa, "Alhaji, ai ba a direba ciwon yake ba." Ya riƙe katin ya yi shiru, sannan ya ce, "To ɗana, ashe shekara biyu ina shan maganin ciwon da ba ni da shi."

Hattara: kada ka dogara da abin da ka tuna. Zuciya tana riƙe bugun da ya fi ba ka kunya a gaban mutane, ba wanda ya fi cinye maka maki ba.

Mataki na 2: Ɗauki hoton bidiyon kanka, sannan ka nuna wa koci

Wayar da ke aljihunka ita ce kayan atisaye na farko. Abin da za ka ƙara mata shi ne ƙafar ɗora waya mai ƙafa uku, wadda ba ta da tsada. Ka sa wayar a yanayin ɗauka a hankali, yawancin wayoyin yanzu suna ɗaukar hoto 240 a daƙiƙa. Ka ɗauka daga wuri biyu: daga gabanka kana fuskantar kyamara, da kuma daga bayan ƙwallo ana kallon inda za ta nufa. A duka biyun tsayin kyamara ya yi daidai da hannuwanka, a ta biyun kuma ta tsaya a kan layin hannuwanka.

Hattara: idan abokinka ya riƙe wayar a tsaye a saitin fuskarsa, ko ya matsa gefe, hoton zai nuna maka kuskuren da babu shi. Kullum ka ajiye ta wuri ɗaya, in ba haka ba ba za ka iya kwatanta na yau da na wata mai zuwa ba.

Da katin da bidiyon a hannu, ka biya kuɗin darasi guda wajen ƙwararren koci. Manyan kulob-kulob na ƙasar nan duk suna da su. Ka ce masa ya faɗa maka kuskure ɗaya tak da ya kamata ka fara gyarawa. In ya lissafo biyar, ka nace ya zaɓi ɗaya, taura biyu ba ta taunuwa. Wannan kuskuren shi ne zai yanke abin da za ka saya.

Mataki na 3: Tambayoyi uku kafin ka ciro kuɗi

Duk abin da ka gani ya burge ka, ka yi masa tambayoyin nan. Shin yana magana da kuskuren da kocin ya nuna? Shin yana gaya maka nan take cewa ka yi daidai ko ba ka yi ba, ba tare da wani ya tsaya a kanka ba? Shin kana da wurin amfani da shi sau uku a mako? Ta biyun ce mafi nauyi. Kayan atisaye na ƙwarai shaida ne mai faɗin gaskiya bayan kowane bugu. Wanda kawai yake ɗaure maka hannu ya tilasta ka yin wani motsi, da zarar ka cire shi jiki yakan koma gidan jiya.

Ni kaina na taɓa sayen wata na'urar ɗaure gwiwar hannu daga wani kanti na intanet, saboda bidiyon tallarta ya nuna ƙwallo na tafiya sambal. Na yi wata biyu da ita. Ƙwallona ta ci gaba da karkacewa dama, domin matsalata riƙon sanda ne, ba gwiwar hannu ba. Kuɗin bai dame ni kamar watanni biyun sanyi da na rasa ba, don a nan ƙasar daga Nuwamba zuwa Maris ne lokacin da mutum ke iya daɗewa a fili da rana.

Mataki na 4: Fara da masu araha, sandunan saiti da hodar ƙafa

A nan zan daɗe, domin mutum takwas cikin goma da suka tambaye ni, a ganina nan ya kamata su tsaya na tsawon watanni.

Sandunan saiti wasu sirararan sanduna ne guda biyu, tsawon kowace wajen mita ɗaya da santimita 20. Ba kasafai suke kai riyal 100 ba, kuma ko a kantin kayan gini irin SACO ka samu sirararan sanduna miƙaƙƙu za su yi aikin. Ka shimfiɗa ɗaya a ƙasa can gefen ƙwallo tana kallon inda kake so ƙwallo ta je. Ka shimfiɗa ta biyu a gaban yatsun ƙafarka, ta jeru da ta farko kamar layin dogo. Kuskuren da aka fi yi shi ne a nuna sandar ƙafa kai tsaye ga tuta. Ba haka ba ne. Layin ƙwallo ne ke kallon tuta, layin ƙafa yana wucewa ta hagu da ita kaɗan. Wanda ya saita ƙafarsa ga tuta ya riga ya fuskanci dama, sai jikinsa ya riƙa jawo sanda ta hagu don ya rama, daga nan karkacewa ta samo asali. Ka koma bayan ƙwallo ka duba da idonka bayan kowane bugu goma, don sandunan suna gocewa.

Hattara: kada ka sa sandar saiti kusa da ƙwallo har kan sandar bugu ya same ta. Tana tsagewa, tsagin kuma yana shiga hannu kamar ƙaya. In za ka kafa ta a ƙasa a karkace, ka tabbata babu kowa a gabanka.

Na biyu, hodar ƙafa ta feshi, irin wadda ake samu a kantin magani. Ka fesa kaɗan a fuskar sandar bugu ta yi fari, ka buga, ka duba. Ƙwallo za ta bar zanenta daidai inda ta taɓa. Ka buga goma ka ga inda suka taru: tsakiya, ko can bakin sanda, ko kusa da dunduniyarta. Wannan ɗan abin yana warware rikici mai yawa, musamman a direba. Ƙwallon da ta taɓa wajen dunduniya tana son lanƙwasawa dama, wadda ta taɓa wajen baki tana son lanƙwasawa hagu, ko da lilon hannunka bai da aibu. Sau da yawa mutum yana shirin rushe lilonsa gaba ɗaya, alhali matsawa baya da ƙwallo santimita biyu ce kawai yake bukata. Akwai takardar liƙawa da ake sayarwa don wannan aiki, amma tana canza yadda ƙwallo ke juyawa, hodar ta fi ta. Ka goge da ɗanyen tsumma in ka gama.

Na uku, tawul. Ka ninka shi, ka ajiye bayan ƙwallo da tazarar faɗin tafin hannu da rabi, ka buga da sanda mai kan ƙarfe mai lamba 8 ko 9. In ka taɓa tawul, ka sari ƙasa kafin ƙwallo. Ga kuma wanda ya fi wannan, tunda Allah ya hore wa ƙasar nan yashi: in kun fita bayan gari ko kuna istiraha (gidan shaƙatawa), ka ja layi a kan yashi mai ɗan tauri, ka tsaya layin yana tsakiyar ƙafafunka, ka yi ta lilo babu ƙwallo. Saran ya fara daga kan layi zuwa gaba, ba bayansa ba. Ka yi da tsohuwar sanda, yashi yana cin ƙarfe.

Mataki na 5: Kayan gangarawa a cikin gida

Idan katinka ya nuna girin ne ke cinye ka, ka yi sa'a, domin wannan ne ɓangaren da ake iya gyarawa a cikin gida da na'urar sanyi a kunne, a tsakiyar Yuli lokacin da zafin Riyad ke haura digiri 43.

Ka raba matsalar gida biyu: saiti da nisa. Don saiti, ka sayi rula ta ƙarfe mai tsawon mita ɗaya a Jarir ko wani kantin kayan rubutu. Ka ajiye ta a ƙasa mai daidai, ka ɗora ƙwallo a ƙarshenta, ka gangara. In ƙwallo ta bi rular har ƙarshe ba ta faɗo ba, fuskar sandarka a miƙe take. In tana faɗowa gefe ɗaya kullum, ka san inda fuskar ke kallo. A gangarawa, inda fuskar sanda ta kalla lokacin taɓawa shi ne kusan komai. Madubin gangarawa kuma yana nuna maka inda idanunka da kafaɗunka suke, yana da amfani, amma rular ta riga shi. A kan girin na atisaye, ka kafa ƙusoshin ti biyu (waɗanda ake ɗora ƙwallo a kansu don bugun farko), faɗinsu ya ɗara kan sandarka kaɗan, ka riƙa wucewa tsakaninsu ba tare da taɓawa ba.

Faɗin rami milimita 108 ne. Ko manyan ƙwararru na Amurka, daga tazarar ƙafa takwas wajen rabin ƙwallayensu ne ke faɗawa. Don haka kada ka ɓata dare kana neman jefa na nesa. Ka mallaki na mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi.

Hattara: darduma ta gangarawa mai mita uku ba ta koyar da nisa. Mai gangarawa sau uku yawanci ba saiti ne ya ci shi ba, bugun farko ne daga mita 10 ko 12 yake tsayawa nesa da rami. Wannan sai a kan girin na gaske: ka je da ƙwallo uku, ka riƙa turawa bakin girin daga nisa daban-daban. Sannan kafet ɗin majalisa mai kauri ya fi ciyawar girin nauyi nesa ba kusa ba, zai koya maka dukan ƙwallo da ƙarfi. In za ka sayi darduma, ka nemi wadda aka rubuta saurinta wajen 10 a ma'aunin saurin girin, ka shimfiɗa ta a kan tayil.

Mataki na 6: Raga da tabarmar bugu

Kafin ka saya, ka auna wurin. Ka tsaya da direba, ka yi lilo a hankali ƙwarai ka ga ko za ta taɓa silin, fanka ko fitila. Yawancin ɗakuna ba sa ɗaukar direba. Saman soro ko tsakar gida ya fi, amma ka nemi izinin mai gida ko mai gadin gini, ka kuma sa raga ta juya baya ga bango, ba ga titi ko gidan maƙwabta ba. Ka bar tazara tsakanin raga da bango, ka bar ragar da ɗan sako-sako, in ta ɗame ƙwallo tana dawowa kanka. Yara su kasance a ciki, ƙofa a rufe.

A tabarma kada ka bi araha. Siririyar tabarma a kan siminti tana mayar da duka cikin wuyan hannu da gwiwar hannu, ciwon kuma yana daɗewa. Ka nemi mai kauri, ka sa mata roba a ƙasa. Kuma ka sani tabarma tana rufa asiri: ka sari ƙasa kafin ƙwallo, kan sanda ya zame ya same ta, ka ɗauka ka yi daidai. Shi ya sa tawul ɗin nan na mataki na 4 dole ya biyo ka kan tabarma. Rana kuma tana cin zaren raga, ka naɗe ta in ka gama.

Mataki na 7: Kayan lilo da na sauri

Sanda mai lanƙwasa da nauyi a baki, irin Orange Whip, tana da kyau ga mai gaggawar saukowa da sanda, kuma tana ɗumama jiki kafin wasa. Kuɗinta ya ɗan haura dala 100. Kafin ka saya, ka gwada manhajar kaɗa lokaci ta kyauta a waya: ƙirga uku wajen ɗagawa, ɗaya wajen saukowa.

Sandunan ƙara sauri irin SuperSpeed, masu zuwa uku-uku da nauyi daban-daban, suna wajen dala 200. Suna aiki ga wanda ya jure, sau uku a mako da hutun yini a tsakani. Amma sai wanda hodar ƙafa ta riga ta nuna yana samun tsakiyar fuska. Ƙarin sauri a kan karkataccen bugu ƙarin nisa ne cikin daji.

Hattara: mai ciwon baya ko kafaɗa ya ga likita tukuna. Kada ka fara da jiki a sanyaye, kada ka yi da rana tsaka, kuma a watan azumi ka bari sai bayan Tarawihi.

Mataki na 8: Na'urorin aunawa, su ne na ƙarshe

Na'urar auna bugu tana gaya maka saurin sanda, saurin ƙwallo da nisan da ta yi a sama. Garmin Approach R10 ta fito a 2021 a kan dala 600, wato riyal 2,250 tunda dala ɗaya riyal 3.75 ce. TrackMan da kake gani wajen ƙwararru ta haura dala 20,000, ba ta gida ba ce. Shawarata ga yawancin mutane ita ce su kama awa ɗaya a wurin da ke da irin wannan na'ura, su buga ƙwallo goma da kowace sanda, su jefar da mafi kyau da mafi muni, su rubuta matsakaicin a kati su sa a jaka. Abin da ake nema ke nan, kuma sau biyu a shekara ya isa.

In ka nace sai ka mallaka, ka duba abu biyu. Masu aiki da rada (radar) suna son fili: R10 tana zama ƙafa shida zuwa takwas a bayan ƙwallo, tana kuma bukatar aƙalla ƙafa takwas daga ƙwallo zuwa raga. Sannan wasu na'urorin ba sa buɗe dukan ayyukansu sai da kuɗin wata ko na shekara, ka haɗa shi cikin lissafi. Ƙwallayen filin atisaye kuma ba sa tafiya kamar waɗanda kake wasa da su, kada ka ɗauki lambobinsu tamkar yankan wuƙa.

Mataki na 9: Wajen saye da ajiya

Ƙananan kaya ana samu a Amazon.sa da noon da kantunan kulob. In daga waje za a kawo, ka ƙara kuɗin dako da harajin kashi 15 cikin 100 kafin ka ce ya fi araha. Na hannu kuma Haraj, kasuwar intanet ta saye da sayarwa, cike take da su, domin masu sayen kayan da ba sa bukata suna da yawa, haka masu barin ƙasa. Ka je ka gani da idonka, ka kunna na'ura a gaban mai ita, ka tabbata ya cire ta daga asusunsa. Kada ka sayi kifi a ruwa. Ka kuma duba ko na mai dama ne ko na bahago, musamman robar koyon riƙo.

Hattara: kada ka mayar da but ɗin mota ɗakin ajiya. Zafin motar da ta yini a rana yana busar da robar riƙo, yana raunana gam ɗin da ke riƙe kan sanda, yana lanƙwasa madubin roba, yana kashe batir. Na ga kan sanda ya fita ya bi ƙwallo cikin fili, Allah ya kiyaye babu kowa a gaba.

Mataki na 10: Yi aiki da shi, sannan ka yaye kanka

Abu ɗaya, mako huɗu. Minti 20 sau uku a mako ya fi awa uku ranar Juma'a kaɗai. A makon farko, ƙwallo goma da kayan, biyar babu. A na biyu, goma da goma. Zuwa mako na huɗu, biyar da kayan, sauran babu, kana canza sanda da inda kake nufa a kowane bugu kamar yadda ake yi a fili. Daga nan ka sake zagaye uku da katinka, ka sake bidiyo daga wurin da ka ɗauki na farko. In lambar da ka sa a gaba ta motsa, ka wuce ga kuskure na gaba. In ba ta motsa ba, ka koma wurin kocin da katunan biyu kafin ka sayi wani abu.

Hattara ta ƙarshe, ta doka ce. Doka ta 4.3 ta dokokin golf ta hana amfani da kayan atisaye ana cikin zagaye: ba ka shimfiɗa sandar saiti don ka saita, ba ka yin lilon gwaji da sanda mai nauyi. Za su iya zama a jaka, za ka iya miƙe jiki da su, amma iyakarsa ke nan. Karon farko bugu biyu za a ƙara maka, ko ka rasa ramin in wasan da ake ƙirga ramukan da kowa ya ci ne, karo na biyu kuma cirewa ce daga gasa. Na'urar auna nisa zuwa tuta an halatta ta tun 2019, sai dai in kwamitin gasa ya hana, amma ɓangaren da ke lissafa tudu da gangare dole a kashe shi. In za ka sayi ɗaya, ka zaɓi mai maɓallin kashewa a waje inda abokan wasanka za su gani.